Darasi: Yadda Ake Gane Nau'in Agwagwa Daga Awon Ƙashinta, da Iyakar Abin da Wayarka Za Ta Iya

Darasinmu na yau ya ɗan kauce daga batun sababbin wayoyi da farashinsu, amma yana nan cikin harkar na'ura da lissafi. Za mu duba wani aiki da masu binciken kufai ke yi, wato su tono ɗan guntun ƙashin tsuntsu da ya shekara kusan 2,000 a cikin ƙasa, su wanke shi, su auna shi, sannan su ce wannan na agwagwa ne, kuma ga irinta. Kayan aikin da suke riƙewa ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba: ma'auni ɗan ƙarami, jadawalin lissafi, da kyamara. Abin da ke da wuya shi ne sanin abin da lambar da ta fito take nufi, kuma nan za mu fi daɗewa.

Me ya sa ake damuwa da ƙashin agwagwa?

Bari mu ɗauki misalin da aka fi yin aiki a kansa, wato Birtaniya a zamanin Rumawa. Rumawa sun mamaye tsibirin a shekarar 43 miladiyya, sun riƙe shi har wajen shekarar 410. A jujin garuruwansu da barikokin sojansu ana samun ƙasusuwan tsuntsaye da aka ci aka zubar. Na kaji sun fi yawa, sai na agwagi da na dinya. Masanin ƙasusuwan dabbobi Umberto Albarella na Jami'ar Sheffield ya nuna a wani nazari na 2005 cewa a zamanin Rumawa agwagwa kan fi dinya yawa a waɗannan wurare, bayan tafiyarsu kuma sai lamarin ya juya, dinya ta yi gaba.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: waɗannan agwagi kiwonsu aka yi a gida, ko farauto su aka yi a fadama? Idan kiwo ne, to akwai hatsin da aka ware musu, akwai akurki, akwai mai kula da su, wataƙila har da kasuwar da ake kai su. Idan farauta ce, to akwai masu raga da tarko, akwai fadamar da ba a riga an busar da ita ba, akwai kuma lokacin shekara da ake fita. Rayuwa iri biyu ce daban, kuma ƙashin ne kaɗai shaidar da ta rage.

Sanin nau'in tsuntsun yana warware rabin tambayar. A Turai agwagwa iri ɗaya ce tak aka mayar ta gida, ita ce malad, wadda namijinta ke da koren kai, masana na kiranta Anas platyrhynchos. Saboda haka duk ƙashin da aka tabbatar na wata irin agwagwa ce daban, to daga daji ya fito. Wasu nau'ukan kuma yawancinsu baƙi ne da ke sauka Birtaniya da sanyi, don haka ƙashinsu na iya nuna lokacin da aka kama su.

Rubutun Rumawan kansu ya ƙara dagula lissafin. Columella, wanda ya rubuta littafin noma da kiwo a ƙarni na ɗaya, ya bayyana yadda ake gina wa agwagi shinge da tafki a tsakiya, a rufe samansa da raga don kada su tashi su gudu, kada kuma shaho ya faɗo musu. Ya kuma ba da shawarar a ɗebo ƙwan agwagin daji daga fadama a sa wa kaza ta kwanta a kai. Tsuntsun da sai an rufe shi da raga, wanda kuma ake ɗebo ƙwansa daga daji, bai gama zama na gida ba. Ke nan akwai matsayi na uku tsakanin kiwo da farauta: tsuntsun daji da aka tsare ana ciyar da shi.

Inda matsalar take

Dangin agwagi da dinya sun haura nau'i 160 a duniya. Mai kallon tsuntsaye yana rarrabe su da launin gashi da siffar baki da kuka. Duk waɗannan ƙasa tana cinye su. Abin da ya rage shi ne ƙwarangwal, kuma ƙwarangwal ɗin agwagi kusan gini ɗaya ne, bambancin sai a girma da ɗan karkatar wasu gaɓoɓi.

A ƙarshe biyu na sikeli abin da sauƙi. Til, ƙaramar agwagwa da ake kira Anas crecca, nauyinta bai wuce giram 350 ba a galibi, malad kuwa tana haura kilo ɗaya. Ƙashin dantsen fiffiken malad yana kaiwa wajen milimita 90, na til bai kai 65 ba. Ko da ido za ka raba su. Tsakiya ce ke da rikici, inda nau'uka huɗu ko biyar suke da girma kusan ɗaya. Ga shi kuma namiji ya fi mace girma a mafi yawansu, sai ka tarar da macen nau'i babba ta yi daidai da namijin nau'in da ke biye da shi. A cikin ƙananan ma akwai tagwaye: til da gargani ƙasusuwansu sun yi kama har rahotanni da yawa kan rubuta sunayen biyu a haɗe, a bar shi haka. Garganin nan ba baƙuwa ba ce a wajenmu, ita ce ɗaya daga cikin agwagin da ke barin Turai da Asiya su sauko dausayin Haɗeja zuwa Nguru da Tafkin Chadi a lokacin hunturu.

Kafin a ɗauko ma'auni akwai abin da ido ke iya yi. Agwagi kashi biyu ne manya: masu tsoma kai cikin ruwa su bar wutsiya a sama, da masu nutsewa gaba ɗaya. A saman ƙashin dantse akwai wani rami. A wajen masu tsoma kai ramin a buɗe yake, yana zarcewa cikin ƙashin, da 'yan siraran sanduna a ciki, domin iska na shiga ƙashin. A wajen masu nutso irin Aythya ramin a toshe yake. Da wannan kallo ɗaya an rage jerin waɗanda ake zato. Daga nan sai awo.

Ma'aunin da ake amfani da shi

Sunansa kalipa. Idan ka taɓa tsayawa wajen masu gyaran inji ko masu sayar da ƙusoshi da noti, mai yiwuwa ka gan shi: doguwar rula ta ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, ɗaya a kafe, ɗaya yana zamewa. Na zamani yana da ɗan allo da ke nuna lamba. A jikin rular akwai siraran layukan jan ƙarfe a ɓoye, a cikin kan da ke zamewa kuma akwai wasu makamantansu. Yayin da suke gilmawa juna, yanayin cajin lantarkin da ke tsakaninsu yana sauyawa, sai ɗan guntun kwamfutar da ke ciki ya mayar da sauyin zuwa nisa. Shi ya sa laima ko maiƙo a jikin rular ke sa lambobi su yi ta tsalle.

Allon yakan nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, amma kada wannan ya ruɗe ka. Nuna lamba daban, daidaito daban. Ko masu tsada irin na kamfanin Mitutoyo suna da ɗan kuskure na kashi biyu zuwa uku cikin ɗari na milimita, hannun mai awo kuma ya fi na'urar kuskure nesa ba kusa ba. Shi ya sa masu wannan fanni kan tsaya a kashi ɗaya cikin goma, su rubuta 58.4 maimakon 58.43. A ganina, ga mai koyo kalipa ta roba mai araha ta wadatar, har ma ta fi ta ƙarfe tausaya wa tsohon ƙashi mai saurin marmashewa. Masu auna dubban ƙasusuwa su ne ke buƙatar mai igiya ko Bluetooth, wadda ke tura lamba kai-tsaye cikin jadawali da danna maɓalli ɗaya, domin kuskuren kwafe lamba da hannu ya ɓata bayanai da yawa.

Ina ake ɗora muƙamuƙin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ta na'ura muhimmanci. Ƙashi ba sanda ba ne. Yana da lanƙwasa da ƙusoshi da kwari. Mutum biyu za su auna ƙashi ɗaya su samu lamba biyu idan ba su yarda da inda za a fara da inda za a tsaya ba. Wata masaniya 'yar Jamus, Angela von den Driesch ta Jami'ar Munich, ita ce ta tsara ƙa'idar da kusan kowa ke bi. Gidan tarihi na Peabody da ke Jami'ar Harvard ya buga littafinta na awon ƙasusuwan dabbobi a 1976, da zane da ke nuna ainihin inda ake riƙe kowane ƙashi. Har yau gajerun alamominta ake gani a rahotanni. GL shi ne tsawo mafi girma daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Bp faɗin kan ƙashi ne na ɓangaren da ke kusa da jiki, Bd faɗin ɗaya kan na nesa, SC kuma wurin da sandar ƙashin ta fi sirancewa. Amfanin wannan ƙa'ida kamar amfanin cajar USB-C ne: awon da aka yi a Jamus shekara 40 da suka wuce zai shiga jadawalin ɗalibi a yau ba tare da an sake komai ba.

Ƙasusuwan da aka fi aunawa su ne na fiffike da na ƙafa, da wani kakkauran ƙashi da ke tokare kafaɗa da ƙirji mai suna korakoyid. Ƙoƙon kai ba kasafai yake tsira ba, ya cika laushi. Cikakken ƙashi ma sa'a ce. Yawanci rabi ake samu, wuƙa ta sare ko kare ya tauna, shi ya sa awon faɗin kawunan ƙashi ya fi na tsawo yawa a bayanai.

Akwai waɗanda ba a aunawa sam. Ƙashin da ya ƙone yakan tsuke, lambarsa ƙarya ce. Na ɗan tsako kuma bai gama girma ba. Ana gane shi da kawunansa masu laushi da ƙananan huji kamar soso. Wani abin lura kuma: idan masu tono ba su tankaɗe ƙasar da rariya mai ƙananan ido ba, ƙasusuwan ƙananan agwagi sukan bi ƙasa a zubar, sai rahoto ya nuna kamar manya kaɗai mutanen suka ci.

Lamba ba ta da suna sai an kwatanta

A ce ka auna ƙashin dantse ka samu milimita 84.0. Wace agwagwa ce? Lambar ita kaɗai ba ta faɗa maka komai. Dole sai ka ajiye ta kusa da lambobin tsuntsayen da aka san nau'insu da jinsinsu tun suna da gashi. Irin waɗannan ƙwarangwal ana adana su a gidajen tarihi da jami'o'i, kowane a akwatinsa da takardar bayaninsa. Ma'adanar tsuntsaye ta Gidan Tarihin Halittu na Birtaniya da ke garin Tring tana cikin mafi girma a duniya. Tun 1967 wata ɗaliba a Munich, Elisabeth Woelfle, ta rubuta kundi kan kwatanta ƙasusuwan agwagin tsakiyar Turai, wanda aka daɗe ana dogaro da shi. A 2018 Ged Poland ya kammala kundin digirinsa na uku a Sheffield kan wannan matsala dai: ya auna ƙwarangwal na agwagi da dinya na zamani, ya gina hanyar rarrabewa da lissafi, ya gwada ta a kan ƙasusuwan Birtaniya ta zamanin Rumawa.

Yawan samfurin kwatance shi ne ƙarfin aikin. Idan malad uku kaɗai ka auna, ba ka san iyakar ƙanƙantarta da iyakar girmanta ba, kuma duk hukuncin da ka yanke a kan haka rauni gare shi.

Hanya mafi sauƙi ta kwatanci ita ce zanen ɗigo-ɗigo: tsawo a layin kwance, faɗi a layin tsaye, kowane ƙashi ɗigo ɗaya, kowane nau'i da launinsa. Za ka ga ɗigon sun taru gungu-gungu. Sai ka jefa ɗigon tsohon ƙashinka ka ga inda ya faɗa. Idan ya faɗa tsakiyar gungu ɗaya, madalla. Idan ya faɗa inda gungu uku suka haɗe, amsarka ita ce ɗaya daga cikin ukun nan, kuma haka ya kamata a rubuta.

Hanya ta biyu tana magance ƙarancin samfur. A ce a kufai ɗaya an samu ƙashin dantse biyar, na cinya uku, na ƙwauri huɗu. Ba za ka haɗa tsawon cinya da na dantse a zane ɗaya ba. Sai a zaɓi ƙwarangwal ɗaya a mai da shi mizani, a raba awon kowane tsohon ƙashi da awon takwaransa a jikin mizanin, a ɗauki logaridim na sakamakon. Kada kalmar ta tsorata ka, Google Sheets ko Excel na wayarka za su yi maka: ka rubuta =LOG10(A2/B2), inda A2 ke ɗauke da awon tsohon ƙashi, B2 kuma na mizani. Ga misali da lambobin koyo. Mizaninmu dantsensa 92.0 ne. Ƙashi mai 96.6 zai ba da 0.021, wato ya ɗan fi mizani. Mai 88.0 zai ba da -0.019, ya ɗan gaza. Mai 58.4 kuwa zai ba da -0.197, ya yi nisa sosai, wannan ƙaramar agwagwa ce. Sifili na nufin daidai da mizani. Tunda yanzu kowane ƙashi ya koma lamba mai nuna nisansa daga mizani, za ka iya zuba dantse da cinya da ƙwauri a zane ɗaya ka ga tsuntsaye masu girma nawa ne a wurin.

Hanya ta uku ita ce wadda za ta yi wa masu bibiyar ƙirƙirarriyar basira kama da abin da suka sani. Ana ba kwamfuta awo huɗu ko biyar na kowane ƙashin da aka san nau'insa, sai ta nemo haɗin awon da ya fi raba nau'ukan. Wataƙila tsawo kaɗai bai raba nau'i biyu ba, faɗi kaɗai ma haka, amma faɗi idan aka gwada shi da tsawo sai ya raba, domin ɗaya siririya ce ɗaya kakkaura. Bayan ta koya, sai a jarraba ta: a cire ƙashi ɗaya daga cikin sanannun, a sake koya mata da sauran, a ba ta wanda aka cire a ga ko za ta gane shi, a yi haka ga kowane ɗaya. Adadin da ta ci shi ne gwargwadon yadda za a yarda da ita. Manhajar PAST, wadda Øyvind Hammer na Jami'ar Oslo ke kula da ita, kyauta ce kuma tana yin wannan lissafi a kwamfuta. R ma haka.

Sai dai wannan hanya tana da wani hali da ya kamata ka sani. Ba ta san cewa akwai abin da ba a koya mata ba. Idan nau'i shida ka ba ta, duk ƙashin da ka miƙa mata sai ta cusa shi cikin ɗaya daga shidan, ko da na nau'i na bakwai ne. Idan ka taɓa nuna wa Google Lens wani ganye na ƙauyenku ya ba ka sunan wani tsiro na wata nahiya da cikakken ƙarfin gwiwa, to ka ga irin wannan hali. Maganinsa shi ne mai bincike ya duba nisan ƙashin daga tsakiyar gungun da aka jefa shi, ya kuma san tsuntsayen da ke iya rayuwa a yankin.

Ta gida ko ta daji?

Ko an tabbatar malad ce, rabin tambayar na nan. Charles Darwin ya lura da wani abu tun a littafinsa na 1859: idan aka kwatanta da nauyin ƙwarangwal gaba ɗaya, ƙasusuwan fiffiken agwagwar gida sun fi na ta daji sauƙi, na ƙafarta kuma sun fi nauyi. Dalilin da ya bayar shi ne ta rage tashi ta ƙara tafiya. Masu bincike na bin wannan sawu har yau, suna duba kaurin ƙasusuwan ƙafa, domin tsuntsun da ya yi ƙiba yana yawo a tsakar gida ƙafarsa ce ke ɗaukar nauyin.

Wahalar ita ce sauyin ba ya zuwa dare ɗaya. Farar agwagwar Pekin da ake kiwo a manyan gonaki yau ta ninka malad ta daji nauyi, ƙashinta ba ya ɓuya. Amma agwagwar da kakanninta suka shekara 50 kacal a cikin shinge irin na Columella, ana kuma ƙara mata jinin daji da sabon ƙwai kowace shekara, ƙashinta zai yi kama da na daji ƙwarai. Awo ba zai raba su ba, komai kyan kalipa.

A nan sai a nemi wasu shaidu. Macen tsuntsu da ke shirin saka ƙwai tana tara wani ƙashi mai laushi a cikin ramin ƙashin cinya da na ƙwauri, daga nan take ɗibar sinadarin yin ɓawon ƙwai. Idan ƙashi ya karye aka ga cikinsa cike da wannan, an san mace ce, an kuma san a lokacin ƙwai ta mutu. Yawan ƙasusuwan 'yan tsaki ma alama ce. A kufan Tianluoshan da ke ƙasar Sin, ƙauyen manoman shinkafa na wajen shekara 7,000 da suka wuce, Masaki Eda da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2022 cewa sun samu ƙasusuwan dinya ƙanana da ba su isa yin doguwar hijira ba, a yankin da dinyar daji ba ta ƙyanƙyasa a yau. Da suka haɗa wannan da gwajin sinadaran ƙashi da awon girma, sai suka ce alamu na nuna kiwo. Shaida ɗaya ba ta isa ba, sai da aka tara uku.

To wayar fa?

Mu fara da abin da ba za ta iya ba. Manhajar Measure ta iPhone, da na'urar LiDAR da ta fara zuwa wayoyin Apple a iPhone 12 Pro a 2020, suna da kyau wajen auna ɗaki ko tebur. Kuskurensu kan kai wajen santimita ɗaya. A aikin da milimita biyu ke raba nau'i da nau'i, wannan bai da amfani.

Hoto da rula a gefe ya fi, muddin ka kiyaye abu ɗaya. Abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto. A ce wayarka tana santimita 30 sama da tebur, rula na kwance a kan tebur, gefen ƙashin da kake aunawa kuma ya ɗago santimita ɗaya da rabi. Raba 300 da 285, za ka samu ƙarin kusan kashi biyar cikin ɗari. Ƙashi mai milimita 90 zai fito kusan 95 a hoto, ka ga mace ta koma namiji, ko nau'i ya koma wani. Gyaran mai sauƙi ne. Ɗora rular a kan wani abu har ta yi daidai da tsayin ƙashin. Ja da baya ka yi amfani da kyamarar kusanto da nesa idan wayarka na da ita. Daga mita ɗaya kuskuren nan ya sauko zuwa kashi ɗaya da rabi. Sa ƙashin a tsakiyar hoto, domin gefen gilashin kyamara yana lanƙwasa layi. Wayar kuma ta kwanta daidai da tebur, kada ta karkata. Daga nan sai ka buɗe hoton a manhajar ImageJ ta kwamfuta, wadda kyauta ce, ka ja layi a kan rula ka gaya mata tsawonsa, sannan ka auna ƙashin.

Inda waya ta yi fice shi ne ɗaukar siffa. Da manhajoji irin Polycam ko KIRI Engine za ka zagaya ƙashi da hotuna masu yawa, su haɗa maka siffarsa mai fuska uku da za ka juya a allo. Siffar ba ta san girmanta ba sai ka sa ma'auni a cikin hoton, kuma ƙashi mai santsi da sheƙi yana wahalar da su. Masu bincike kan ɗora ɗigo a wurare sanannu a jikin irin wannan siffa ko hoto, kwamfuta ta daidaita girman duka ta juya su fuska ɗaya, abin da ya rage sai bambancin siffa zalla. Dabarar ta yi kusa da yadda wayarka ke gane fuskarka. Shafin MorphoSource na Jami'ar Duke yana ɗauke da dubban siffofin ƙasusuwa daga gidajen tarihi, da yawansu ana saukewa kyauta.

Idan awo da siffa duk sun gaza, akwai ɗakin gwaji. Hanyar ZooMS, wadda Michael Buckley da Matthew Collins da abokansu suka fitar a Jami'ar York a 2009, tana karanta furotin ɗin da ke cikin ƙashi. A tsuntsaye takan tsaya a dangi, ba kasafai take kaiwa ga nau'i ba. Gwajin DNA ya fi zurfi, amma da tsada, yana cin wani yanki na ƙashin, zafi kuma yana lalata DNA da wuri. Shi ya sa kalipa ba ta yi ritaya ba.

Gwaji a gida

Agwagwar da aka fi kiwo a gidajenmu, mai jan nama a fuska, ba jikar malad ba ce. Sunanta na kimiyya Cairina moschata, asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, can aka fara kiwonta. Ba ta iso Afirka ba sai bayan jiragen Turawa sun fara zirga-zirga da nahiyar Amurka daga 1492. Ke nan idan aka tabbatar da ƙashinta a wani kufai a Afirka ta Yamma, ƙashin da kansa ya zama shaidar zamani. Kafin a kai ga haka dole a raba shi da na dinya da sauran manyan agwagin fadamunmu, da awo da kwatance kamar yadda muka gani.

Ita ce kuma mafi kyawun abin koyo, domin toron agwagwa yakan kusan ninka macen nauyi. Duk ranar da aka yanka agwagwa a gida ko a maƙwabta, roƙi ƙashin dantsen fiffike da na cinya bayan an ci. Kankare naman, jiƙa su cikin ruwan sabulu mai ɗumi su saki maiƙo, shanya su a inuwa. Rubuta lamba a jikin kowane da fensir, ka shigar da ita jadawali tare da jinsin tsuntsun da kimanin shekarunsa. Danna sifili a kalipa kafin kowane awo. Auna GL da Bp da Bd da SC sau uku-uku, ka ba abokinka ya auna ba tare da ya ga lambobinka ba, ku kwatanta. Sannan ka auna ƙasusuwan nan ta hoto ka ga tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu. Idan ka tara na tsuntsu goma, zana tsawo da faɗi: za ka ga gungu biyu a rabe, na maza da na mata, alhali duk nau'i ɗaya ne. Wanda bai san tsuntsun ba zai iya rantsewa iri biyu ne.

Wannan gwaji na ƙashin kicin ne kawai. Idan ka ci karo da ƙasusuwa da fasassun tukwane a tsohon kufai, kada ka tona, kada ka kwashe. Matsayin ƙashi a cikin ƙasa shi ne ke ba shi zamani, da zarar an ɗauke shi wannan bayani ya tafi, kuma a Najeriya doka ta hana tonon kayan tarihi ba da izinin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ba. Ɗauki hoto da rula ko biro a gefe, kunna alamar wuri a kyamararka don hoton ya riƙe inda aka ɗauke shi, ka kai wa gidan tarihi mafi kusa ko sashen nazarin kayan tarihi na jami'a, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.